Ƙofar da Na Ƙera

Ni ne Tudorel, maƙerin wannan ƙauye na gindin Apuseni,
kuma ni na ƙera ƙofar.
Ba na musu. Sunana ma yana jikinta,
na zana shi da wutar walda ta ciki, inda ido bai kaiwa.

Samari ne suka jawo.
Ranar Asabar su hau da kwalabe,
su hura wuta a bakin kogon,
hayaƙi ya kutsa ya kakkaɓo jemagu daga rufi,
da safe ka tarar da su zube kamar ganyen kaka.
Dattawa suka ce a rufe. Na ce a kawo ƙarfe.
Falle guda, kaurin yatsa,
da ’yar taga can sama don masu fiffike.
Aka biya ni, aka ɗora mini curin cuku.
Na kwana ina jin na yi aikin lada.

Hunturu biyu suka wuce
kafin Ilinca ta zo daga birni
da jar fitila a goshi da ma’aunin zafi a aljihu.
Ni ke riƙe da makulli, ni na raka ta.
Ta ce, kada ka yi magana.
Ta ce, numfashinka ma murhu ne a nan.

Muka shiga a duƙe.
Ruwa na ɗiga, ɗis, ya yi dogon tunani, ɗis.
Ta haska wani lungu:
su goma sha ɗaya,
kowanne ya naɗe kansa cikin fiffike, kai ƙasa,
raɓa ta yi musu ado a gashi.
A littafinta, wannan lungun ɗari huɗu ne.
Ta sake ƙirgawa da leɓe. Sha ɗaya.

A waje, cikin dusar ƙanƙara, ta nuna mini ma’aunin.
Digiri uku ya ƙaru.
Na yi dariya, ni da ke wuni gaban wuta,
me uku za ta yi wa wani?
Ta ce kogo numfashi yake.
Sanyi na shiga ta ƙasa, ɗumi na fita ta sama,
ka zo ka toshe masa hanci.
Jemage kitsen kaka yake ci a barci,
ɗan kaɗan, kamar mai lasar zuma a shekarar yunwa.
In ɗaki ya yi ɗumi, jiki ya ci guzurin da wuri,
ya farka cikin Fabrairu
ya fita neman ƙwaro a duniyar da ba ƙwaro.

Garin neman gira.
Ban ƙarasa maganar ba, ko a zuci.

Na ce bari in ɗauko injin yanzu.
Ta riƙe hannun rigata: ƙararka za ta tashi sha ɗayan.
Haka na jira.
Wata uku ina duban dutsen ta tagar maƙera,
guduma na yi mini nauyi.

Da dusar ta narke, suka watse farauta,
na yanke ƙofar gida huɗu.
Na sa sanduna a kwance, ba a tsaye ba,
domin fiffike faɗi gare shi,
tazarar da jemage zai wuce, kan yaro ya ƙi.
Ina ɗaure na ƙarshe
sai na ji iska ta fito ta bi ƙaurina,
sanyi mai warin jiƙaƙƙen dutse.

Bana Ilinca ta ƙirga sittin da uku.
Ba ta ce ya isa ba, ni ma ban tambaya ba.
Gutsuren da ke da sunana
yana ƙarƙashin kwanon abincin aladun maƙwabcina.
Ban shiga kogon ba bana.
Na tsaya a bakin sanduna,
na ja mayafi na rufe baki.